Yadda Ake Jinyar Buguwar Ƙashi Har a Warke

Buguwar ƙashi rauni ne da ke tsakanin ƙujewar tsoka da karaya. Cikin ƙashi, musamman kusa da gaɓoɓi, yana da ƙananan ramuka kamar soso, kuma idan duka ya yi ƙarfi, sai siraran zaren da ke cikinsa su tsattsage, jini da ruwa su taru a ɓargo ko a ƙarƙashin fatar da ta lulluɓe ƙashin, alhali shi kansa bai karye ba. An fi samun haka a gwiwa, da ƙwauri, da idon sawu, da diddige, bayan faɗuwa daga babur ko karo a filin ƙwallo.

Matakin farko shi ne a tabbatar ba karaya ba ce. Wanda ya kasa taka ƙafa ko da taku huɗu, ko aka ga gaɓar ta karkace, ko yatsunsa suka yi sanyi suna dindiris, asibiti za a kai shi nan take. Hoton eksire ba ya nuna buguwar ƙashi, amfaninsa kawai shi ne ya kore zargin karaya, yayin da na'urar ɗaukar hoton cikin jiki da ake kira MRI ce ke iya ganin jinin da ya kwanta a ciki. A nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa: da zarar an ce musu hoto bai nuna komai ba, sai su koma aiki washegari, ciwon kuma ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.

Mataki na biyu shi ne jinyar kwana biyu zuwa uku na farko, wadda ita ce ginshiƙin sauran. A huta, a rage ɗora nauyi a kan gaɓar, a nemi sandar dogarawa idan taku yana zafi. A naɗe ƙanƙara a cikin tawul a ɗora na minti 15 zuwa 20, sau uku ko huɗu a yini. Inda babu wutar lantarki, ledar ruwan sha mai ƙanƙara da ake saye a bakin titi ta wadatar, domin tana lanƙwasa ta bi siffar gwiwa. Kada ƙanƙara ta taɓa fata kai tsaye. Mai ciwon sikila ya guji ɗora ƙanƙara sai da izinin likita, saboda sanyi yana iya tayar masa da ciwo. Sannan a ɗaure da bandeji mai talewa, ɗauri mai sauƙi wanda yatsa zai iya shiga ƙarƙashinsa, a kuma ɗora ƙafar a kan matashi biyu ko uku har ta fi ƙirji tudu.

Abin da ya fi wuya a wannan lokaci shi ne hana masu taimako. Za a sami mai cewa a gasa da ruwan zafi, da mai kawo man zafi, da mai cewa targaɗe ne a ja. Zafi da murza suna ƙara gudun jini zuwa wurin da jini ya riga ya taru, sai kumburin ya ninka, ja kuwa ba shi da abin da zai gyara tun da babu abin da ya goce. Gasawa da ruwan zafi tana da ranarta, amma sai bayan kumburi ya sauka.

Game da magani, farasitamol ya isa mafi yawan mutane. Ibuprofen da diclofenac suna rage zafi, sai dai masu gyambon ciki, da masu ciwon ƙoda, da mata masu juna biyu kada su sha ba tare da shawarar likita ba. Haɗarin maganin shi ne yakan rufe zafin, mutum ya zaci ya warke.

Mataki na gaba shi ne komawa motsi sannu a hankali. A fara da lanƙwasawa da miƙewa a zaune, sannan tafiya kaɗan a tsakar gida, a ƙara gwargwadon yadda jiki ya karɓa. Idan zafi ko kumburi ya dawo da dare, an zarce, sai a rage. Mai ciwon gwiwa ya kauce wa dogon tsuguno da durƙuso na ɗan lokaci, ko da zai yi salla a kan kujera. Abinci ma yana da nasa aiki: nono, ƙwai, wake, kifi da zogale suna ba ƙashi abin gini, taba sigari kuwa tana jinkirta warkewarsa.

Ƙaramar buguwa takan lafa cikin 'yan makonni, babba kuma takan ɗauki wata biyu zuwa uku, wani lokaci fiye da haka. Idan an yi mako biyu babu sauƙi, ko gwiwa tana zillewa ko maƙalewa yayin tafiya, a ga likitan ƙashi, irin waɗanda ke Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, domin buguwar ƙashin gwiwa takan zo tare da tsinkewar jijiyar da ke riƙe gaɓar. Kumburin sha-raɓa mai tsananin zafi, ko zazzaɓi, ko wurin ya yi ja yana ɗumi, ba a jira su kwana.