Yadda za ka gane ko shugaba mai rai zai iya hawa takardar kuɗi

Shekara ashirin ke nan ina sana'ar canji a Wapa, kuma gardamar nan ba ta ƙarewa a benci: wai shugaban ƙasa zai iya sa a buga fuskarsa a kuɗi yana raye? Amsar ta danganta da ƙasar da kake magana. Ga yadda nake bin diddigi.

Fara da tambayar ko ƙasar ta sarauta ce. In sarauta ce, sau da yawa magana ta ƙare. Fam ɗin Ingila na ɗauke da Sarki Charles tun watan Yunin 2024, riyal kuwa kowane alhaji ya ga Sarki Salman a jiki.

In jamhuriya ce, sai ka nemo doka, kuma ka raba takarda da sulalla, don nan mutane ke tuntuɓe. A Amurka wani jami'in baitulmali mai suna Spencer Clark ya sa hotonsa a takardar santi 5, majalisa ta fusata, a 1866 ta hana sa mai rai a takardun kuɗi. Amma a 1926 an buga sulen tunawa na rabin dala da fuskar Shugaba Calvin Coolidge yana kan mulki. To ka ga in wani ya ce maka “Amurka ta hana”, tambaye shi: takarda ko sule?

Kenya ta fi kowa tsanani. Bayan shekaru ana kashe shilin mai hoton Kenyatta da Moi, tsarin mulkin 2010 ya ce kada a sa hoton kowa, rayayye ko matacce. Duk da haka sababbin kuɗin 2019 sun fito da wani gini da gunkin Kenyatta a gabansa, har aka je kotu.

Namu kuwa, buɗe dokar Babban Banki ta 2007, sashe na 19: hukumar gudanarwar banki ke ba da shawara kan zane, shugaban ƙasa ya amince. Sai ka zazzage aljihunka ka duba. Murtala ya hau naira 20 a 1977, shekara guda bayan kashe shi. Sardauna sai 2000 ya hau naira 200. Aliyu Mai-Bornu da Clement Isong, tsofaffin gwamnonin Babban Banki da ke kan naira 1000, duk sun rasu kafin a fito da ita a 2005. Babu wanda ya ga kansa.

Abu na ƙarshe, duba abin da ya samu waɗanda suka gwada. Nkrumah ya fito a sidin Ghana a 1965, sojoji suka kifar da shi a 1966, a 1967 aka sake kuɗin babu fuskarsa. Mu 'yan canji wannan ne ke damun mu, don ranar da aka janye takarda, wanda ya tara ta a akwati shi ke kwana da asara. Ina da sidi guda na Nkrumah a ƙasan durowa, shi nake fitowa da shi in gardama ta yi zafi.