Ga mai binciken lafiyar jima'i da ya sauka Amurka: wace ƙungiya za ka shiga?

Ƙanena, na san nauyin da kake ji. A gida in an tambaye ka abin da kake karantawa, "lafiyar al'umma" kake cewa ka ja bakinka. Ban ga laifinka ba, da kunya aka raine mu. Sai dai wannan kunyar ce ke sa ɗalibanmu su yi shekara huɗu a nan ba su shiga ƙungiyar masana fanninsu ba, su gama digiri babu wanda ya san su sai malamin da ke duba aikinsu.

Ka fara da Society for the Scientific Study of Sexuality, wadda aka kafa a 1957. Ita ke fitar da mujallar Journal of Sex Research, tana karɓar ɗalibai, kuma kuɗin rajistar ɗalibi bai kai na malamai ba. Kafin ka taɓa aljihunka, tambayi sashenku, domin sassa da yawa suna da ɗan kason da suka ware wa ɗalibai na zuwa taro, amma sai wanda ya nema ake ba. International Academy of Sex Research, wadda Richard Green ya kafa a 1973, ta fi tsauri: ana duba abin da ka wallafa kafin ka zama cikakken mamba. Mujallarta Archives of Sexual Behavior ce. Idan kuma hankalinka ya fi karkata ga ba ma'aurata shawara, AASECT, ƙungiyar masu ilimantarwa da ba da shawara kan jima'i ta Amurka, ita ce gidanka, ita ke ba da shaidar ƙwarewa a wannan aikin tun da daɗewa.

Biyan kuɗi kaɗai ba ya mai da mutum ɗan gida. Ka aika tsakuren bincikenka ga taron ƙungiyar lokacin da aka buɗe karɓa, wanda kan rufe watanni kafin taron. Ko fosta aka ba ka, wato ka baje bincikenka a kan allo maimakon gabatar da maƙala, ka karɓa hannu bibbiyu. A gaban wannan allon ne farfesan da ka sha karanta aikinsa zai tsaya ya yi maka tambaya, daga nan kuma sanayya take farawa. Idan taron a wajen Amurka ne, duba bizarka da sa hannun tafiya a takardar I-20, wato shaidar ɗalibta da makaranta ke ba ɗalibin waje, tun kafin ka sayi tikiti, kada fita ta yi sauƙi dawowa ta gagara.

Za ka ji maƙalu kan abubuwan da addininka da tarbiyyarka ba su yarda da su ba. Babu wanda zai ce sai ka amince. Abin da ake so gare ka shi ne ladabi ga kowa da hujja a magana. A walimar yamma akan kawo giya. Ka riƙe lemonka, ka zauna a yi hirar da kai, don a nan ake jin labarin guraben aiki.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake tattauna al'amuranmu babu mu a ɗakin. Yoyon fitsari, wanda likita Kees Waaldijk ya shafe shekaru yana yi wa mata aikinsa a Babbar Ruga ta Katsina, da yankan gishiri, da kayan mata, da auren wuri, duk ana rubutu a kansu. Wanda bai san yadda mace Bahaushiya ke cewa "ciwon mara" alhali wani abu daban take nufi ba, zai rubuta amsarta yadda ya ji, ya kuma gina sakamako a kai. Kai ka san wannan tun kana yaro a tsakar gida. In an zo lokacin tambayoyi, ɗaga hannu ka faɗa, ko da muryarka na rawa.