Kafin ka tura kuɗin ƙaramin gidan nan da ake haɗawa a masana'anta

Gidan da kake gani a hoton talla, fari tas da tagogin gilashi da ɗan baranda, ba ƙarya ba ne. Ana haɗa shi a masana'anta, a naɗe, a loda a mota, kuma in an shirya wurin, ma'aikata kaɗan za su buɗe shi su tsayar a yini guda. Girka irin waɗannan gidaje da gyaransu bayan sun sha rana da ruwa shi ne aikina, kuma ina son su. Ina son yadda mutumin da ya gaji da biyan haya yake samun ƙofar da zai kulle da makullinsa cikin makonni, ba sai ya yi shekaru yana kallon gini a tsaye babu rufi ba. Abin da nake so ka riƙe tun farko shi ne, kuɗin da aka rubuta a ƙarƙashin hoton na akwati ne kawai. Gida kuwa sai ka mayar da shi da kanka.

Dabarar ma ba sabuwa ba ce. A Amurka kamfanin Sears ya sayar da gidaje kusan 70,000 tsakanin 1908 da 1940, ana aiko su gunduwa-gunduwa a jirgin ƙasa, mai gida ya harhaɗa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Birtaniya ta girka sama da 156,000 tsakanin 1945 da 1949 don waɗanda bama-bamai suka raba da muhallinsu. An yi su da niyyar shekara 10, amma mutane suka zauna a wasu fiye da shekara 50, don suna da banɗaki a ciki da ruwan zafi da ɗan fili a gefe. Saboda haka in aka yi shi da kyau, yana ƙarko. Matsalar tana wajen mafi araha, kuma shi ne wanda ya fi jan ido.

Ka fara da ƙasa da doka, gidan ya biyo baya. Je ofishin da ke ba da izinin gini a inda filinka yake, ka tambayi abu uku: ko an yarda a kwana a irin wannan gini dindindin, ko akwai ƙaramin girman da gida ba zai gaza ba, da kuma takardun da za su nema daga masana'anta. Dokoki sun bambanta daga gari zuwa gari. A Amurka, kundin ƙa'idojin gini na 2018 ya ware sashe ga gidan da bai wuce murabba'in ƙafa 400 ba, wato kimanin murabba'in mita 37, amma sai hukumar yanki ta amince da sashen yake aiki a wurinta. Wanda ke kan tayoyi kuma, wurare da yawa suna ɗaukarsa abin hawa ne, ba su yarda a mayar da shi mazauni ba. Na ga gida sabo fil yana zaune a leda, mai shi yana ta zarya ofis, don ya saya kafin ya tambaya.

Sai lissafi. Ɗauki takarda ka rubuta farashin talla a sama, sannan ka tambayi mai sayarwa a ina alhakinsa ya ƙare. In ya rubuta EXW, a bakin masana'anta zai miƙa maka. In FOB ne, zai loda a jirgin ruwa, sauran naka. CIF yana kawo shi tashar jiragen ruwa ta ƙasarka, amma kwastan da fitar da kaya suna wuyanka. A ƙasan wannan ka jera kuɗin mota daga tasha zuwa fili, kuɗin ajiya in takardu suka yi jinkiri, hayar injin ɗaga kaya, harsashi, jawo ruwa, ramin masai da sokawe, jawo wuta ko sola, matakala, da ladan masu haɗawa. A ayyukan da na yi, sau da yawa wannan jerin na ƙasa yana kamo farashin akwatin, wani lokaci ya wuce shi. Kuma ka taka hanyar da ƙafarka: akwai kwanar da babbar mota ba za ta iya sha ba? Akwai wayar lantarki da ta yi ƙasa, ko reshen bishiya? Injin ɗaga kaya ana biyansa ne da awa, ko yana aiki ko yana jira.

Yanzu bango, inda nan ne ake cin riba a kanka. Yawancin masu arahar an yi bangonsu da kwano biyu marasa kauri, an cusa wani abu a tsakiya. Tambayi kaurinsa da abin da ke ciki, kuma a rubuta maka. Milimita 50 shi ne aka fi sawa don sauƙin kuɗi. 75 ko 100 ya fi tare zafi da sanyi nesa ba kusa ba. Farin soson nan mai ƙwaya-ƙwaya ya fi araha, amma yana narkewa yana cin wuta. Audugar dutse, wato zaren da ake yi da narkakken dutse, ta fi nauyi da tsada, sai dai ba ta kamawa da wuta, kuma tana rage ƙara, abin da za ka gode wa ranar da ruwa ya sauko da ƙarfi a kan rufin ƙarfe. In kuɗinka abu ɗaya kawai zai iya ƙarawa, to a nan ka ƙara. Sayen nagari mai da kuɗi gida.

Ko da bangon ya yi kauri, ginshiƙan ƙarfen da ke riƙe da shi suna ratsa shi daga waje zuwa ciki, suna shigo da zafi da rana, da sanyi da dare. Daga nan gumi ke farawa. Mutum biyu suna numfashi duk dare, an dafa abinci, an yi wanka, duk a cikin ɗan wuri ƙulle. Tururin ya tarar da ƙarfe mai sanyi, sai ya zama ruwa, kamar yadda murfin tukunya ke ɗiga. Ba za ka gan shi a tsakar ɗaki ba. Ja kabad daga jikin bango, ko ɗaga katifa, sai ka tarar da baƙin fumfuna ya yi layi a kusurwa, kan kusoshin kuma ya yi jajawur da tsatsa. Maganinsa iska. A sa fanka mai zuƙo tururi a banɗaki da wurin girki, tagogi su kasance suna kallon juna, a bar ɗan rata tsakanin kaya da bango, katifa kuma ta hau gado mai sanduna, kada ta kwanta a kan allo.

Abin da na fi ba kowa shawara a kai shi ne rufi na biyu. A kafa masa rumfar kwano a sama, mai gangara, a bar tazara iska ta riƙa ratsawa, bakinta ya zarce bango ta kowane gefe. Tana tare rana kafin ta taɓa gidan, tana kawar da ruwa daga mahaɗai. Ainihin rufin waɗannan gidaje kusan a shimfiɗe yake, ruwa yana kwanciya a kai. A masu fukafukai da ake buɗewa hagu da dama, yoyon kusan kullum daga wuri ɗaya yake zuwa: layin da rufin fiffike ya haɗu da na tsakiya. Roba ce da silikon kawai ke tsare wurin, rana kuma tana busar da su har su tsattsage. Kafin ka shigar da ko kujera ɗaya, ka sa wani ya hau sama da tiyo ya yi ta feshi a kan layin, kai kana ciki da tocila kana bin kusurwa. Duk shekara ka sake hawa ka duba.

In tsohuwar kwantena aka gyara, akwai ƙarin abu biyu. Katakon ƙasanta yawanci an jiƙa shi da maganin ƙwari, kuma farantin ƙarfen da ke jikin ƙofarta yana nuna irin maganin. Ko a cire katakon, ko a rufe shi ruf. Sannan bangonta mai tudu da kwari yana cikin abin da ke ba ta ƙarfi, duk inda aka yanke don taga ko ƙofa sai an yi masa walda da firam. Faɗinta mita 2.44 ne daga waje, in an sa abin tare zafi a ciki abin da zai rage bai fi mita 2.2 da 'yan kai ba. Sabon gida ma ka shinshina shi. Allunan katako masu araha suna fitar da sinadarin fomaldihaid daga gam ɗin da aka manna su da shi. Shi ne ya addabi iyalan da aka tsugunar a gidajen tirela bayan guguwar Katrina ta 2005 a Amurka, har gwaji ya tabbatar da yawansa. In idonka yana yaji da ka shiga, a bar tagogi a buɗe na makonni kafin yara su kwana.

Harsashi ba ya buƙatar ado, yana buƙatar daidaito. Ginshiƙan kankare a kusurwoyi da tsakiya, duk a tsayi ɗaya, gidan ya ɗaga daga ƙasa iska ta bi ta ƙarƙashi. In gefe ɗaya ya nutse ko da kaɗan ne, ƙofa za ta fara gardama, gilashi ya tsage. A ɗaure shi da ƙarfe a jikin kankaren, don gida marar nauyi iska mai ƙarfi tana iya tura shi. Wuta kuma ka tabbatar wayarin ɗin ya dace da ƙasarka, wasu ƙasashe na amfani da bolt 120, wasu 230, kuma ƙwararre ya haɗa jikin ƙarfen da ƙasa, ya sa na'urar da ke yanke wuta in ta zube. A cikin ƙarfe za ka kwana, wannan ba wurin tsimi ba ne.

Girman kuwa, gwada shi kafin ka saya. Ja igiya a ƙasa daidai da awon da aka ba ka, ka shata gado, banɗaki da wurin girki, ka shigo da iyalinka ciki. Ina za a ajiye akwatuna? In ɗaya yana barci ɗaya yana waya fa? Gadon sama da ake hawa da tsani yana da kyau a hoto, amma ka tuna da tsoho, da mai ciki, da mai fita fitsari da tsakar dare. Ga mutum ɗaya, ko ma'aurata, ko ɗakin baƙi da ofis a bayan gida, irin wannan gida ya yi daidai. Ga iyali mai yara da yawa, ban taɓa jin daɗin ba da shawararsa ba. Kuma kada ka saye shi da niyyar riba: fili ke ƙara daraja, akwatin raguwa yake yi, bankuna da masu inshora da dama ma ba sa kallonsa a matsayin gida.

Wajen biya, kada ka tura duka a karo ɗaya. Nemi a nuna maka wanda aka shekara biyu ana zaune a ciki, ka yi magana da mai shi. Ranar da kaya suka iso, ka ɗauki hoton kowane gefe tun yana kan mota, ka ƙirga tagogi da ƙofofi da buhun kusoshi da takardar kaya a hannunka, duk lotsawa ko ƙarancin da ka gani ka rubuta a jikin takardar direba kafin ka sa hannu.