Kurakuran da masu karen sifaniyel ke ta maimaitawa wajen gyaran gashi

Na gaji da ganin abu ɗaya a Kano, mutum ya kashe kuɗi ya sayi sifaniyel, irin karen nan mai dogayen kunnuwa da gashi kamar siliki, bayan wata uku ka gan shi ya koma kamar tsohon tsumma. Asalinsa karen farautar tsuntsaye ne a Ingila da ƙasashen sanyi, gashin nan an yi shi ne don kutsawa cikin ƙaya da ciyawa, to mu da muka kawo shi garin da zafi ke haura digiri 40 a Afrilu dole mu san yadda za mu yi da shi.

Babban kuskure, wanda ni kaina na tafka, shi ne ƙwalƙwal. Zafi ya shigo, na ga karena yana ta haki harshe waje, tausayi ya kama ni, na kira mai aski ya sa kilifa ya kwashe gashin tas har fata. Wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake. Cikin kwana biyu bayansa ya yi ja saboda rana, ƙudaje suka samu wurin zama, yana ta susa har ya ji wa kansa ciwo, muka yi ta zarya wajen likitan dabbobi. Likitan ne ya fahimtar da ni cewa kare ba ya gumi ta fata kamar mu, da haki yake fitar da zafi sai ɗan abin da ba a rasa ba ta tafin ƙafa, kenan askin nan ba abin da ya raba shi da shi sai inuwar da Allah ya yi masa a jiki. Kuma da gashin ya dawo bai dawo da sheƙinsa ba, ya fito buzu-buzu kamar auduga, ya fi da saurin cukurkuɗewa, sai da na kusa shekara ina fama. Yanzu ciki da hammata kawai nake ragewa da kilifa, shi ma ba har fata ba, na baya kuma da yatsu nake tsige wanda ya mutu, a hankali, ba ya jin zafi in gashin ya riga ya saki. In zafi kake ji masa ka ba shi inuwa da ruwan randa, ka daina fita da shi da tsakar rana.

Na biyu kunne. Haba jama'a, ya za ka yi wa kare wanka ka bar kunnen nan a jiƙe ya rufe kamar murfin tukunya? Ramin kunnen kare a lanƙwashe yake, iska ba ta shiga, ga danshi ga zafi, sai ka ga yana girgiza kai yana sosawa, ka ɗaga kunnen wari ya buge ka. Ni duk Juma'a nake ɗagawa in shinshina, in goge iya inda ido ke gani da auduga da maganin wanke kunne, in rage gashin da ke bakin ramin da almakashi. Dan Allah kar ka zura tsinke ciki, dattin kake ƙara turawa. In ya fara wari ko ruwa, likita kawai.

Sai masu wanka kafin taza. Gashin da ya dunƙule in ruwa ya taɓa shi ƙara ɗaurewa yake, don haka mataji na ƙarfe tukuna, bayan kunne, hammata, cinyoyi, har sai ya wuce sumul sannan ruwa. Ni kullum bayan la'asar nake tajewa, minti 10 ya isa, musamman da kaka lokacin da ƙarangiya ke maƙalewa a ƙafafu da tsakanin yatsu.

Sabulun wanki ko omo ba na kare ba ne, busar da fata yake, balle da hunturu. Shamfun karnuka, sau ɗaya a sati 3 ko 4 ya wadatar a wurina, ƙurar hunturu kuma buroshi da jiƙaƙƙen tawul ke fitar da ita.

Masu shafa baƙin mai ko kananzir ko fiya-fiya saboda kaska da damina, ku ji tsoron Allah, guba ce, zai lashe kuma tana shiga ta fata. Akwai maganin kaska na ɗigawa a ƙeya da na haɗiya, likita zai ba ka daidai nauyinsa.

Kwanon abinci ma ka samo mai zurfi mai ƙaramin baki, in ba haka ba kunnuwan a cikin miya za su riƙa kwana.