Yadda za ka gane matsayin cocin Firesbiteriya kan auren jinsi

Ƙanina ya tafi karatu Amurka daga nan Gombe, ya kira ni wai ya ga coci an rubuta Presbyterian a allon ƙofa, ko ya shiga? Na ce dakata tukuna, sunan ɗaya ne amma ɗarikun daban suke.

Fara da duba haruffan da ke ƙasan allon. In ka ga PCA, wato Presbyterian Church in America, su ne masu riƙon koyarwar da, an kafa su a 1973. In PCUSA ce kuma, wato Presbyterian Church (USA), wannan tun 2015 ta amince da auren jinsi. Mutanenmu na Kaltungo da Billiri nan suke yawan rikicewa, gaskiya abin yana damuna.

Toh kar ka tsaya kan maganar wani a Facebook, shiga shafin ɗarikar PCA da kanka ka nemo Westminster Confession, wato littafin da ke bayyana bangaskiyarsu, babi na 24, a nan aka rubuta aure tsakanin namiji ɗaya ne da mace ɗaya, sannan ka karanta rahoton da kwamitin PCA ya fitar a 2020, sun ce luwaɗi da maɗigo zunubi ne har da sha'awar kanta, amma kuma sun ce kowane mutum cikin siffar Allah aka halicce shi, ba a yarda a wulaƙanta shi ba. Wannan ɓangaren ne mutane ke tsallakewa, kai kar ka tsallake.

Daga nan sai ka samu fasto ko dattijon ikilisiya bayan sujada, ka gaishe shi, ka tambaya kai tsaye.