Yadda na gyara matsalar farin bayan hoto a GIMP

Da wani littafin masu fara koyo nake koyon manhajar gyaran hoto ta GIMP, kuma komai ya tafi daidai har na iso darasin cire bayan hoto. Duk lokacin da na zagaye tambarin shagona na goge abin da ke bayansa, sai wurin ya koma fari fat, maimakon ƙananan murabba'ai masu ruwan toka da littafin ya nuna, waɗanda ke alamta wurin da babu launi.

Ashe hoton JPEG ne, kuma irinsa ba ya zuwa da sashen da ke riƙe wurin da babu launi, wato Alpha Channel. Na shiga Layer, na zaɓi Transparency, na danna Add Alpha Channel, na sake gogewa, nan take murabba'an suka bayyana.

Wajen adanawa ma na sha wahala, domin littafin tsoho ne, Save kawai ya ambata, alhali tun fitowar GIMP 2.8 a 2012 wannan umarni fayil ɗin XCF, wato irin fayil na GIMP kansa, kaɗai yake adanawa. Da Export As na fitar da tambarin a matsayin PNG, tunda JPEG zai sake cike bayan da launi.