Yadda Za Ka Fara Karanta William Godwin

Idan kana son sanin tunanin William Godwin, masanin falsafar nan na Ingila da aka haifa a garin Wisbech a 1756, kada ka fara da babban littafinsa na siyasa, domin nauyinsa kan sa mai karatu ya ajiye shi tun bai yi nisa ba. Ka fara da ƙagaggen labarinsa, Caleb Williams, wanda ya fito a 1794.

Labari ne na wani matashi, magatakardan wani attajiri mai suna Falkland, wanda bin diddigi ya kai shi ga gano cewa maigidansa ya taɓa yin kisan kai. Daga nan maigidan ya ƙulla masa sharrin sata, aka jefa shi kurkuku, bayan ya tsere kuma aka yi ta farautarsa gari-gari. Ka riƙa lura da yadda alƙalai da talakawa baki ɗaya suke gaskata mai dukiya su ƙaryata bara, domin a nan hujjar Godwin take.

Sai ka koma kan babban littafin nasa na siyasa, Political Justice na 1793, inda ya ce gwamnati tana gurɓata hankalin mutane, kuma gyara zai zo ne ta hanyar muhawara da ilimi, ba da zubar da jini ba. Ka duba bugun da ke hannunka, saboda ya sake gyara littafin a 1796 da 1798. Babin da ya kamata ka daɗe a kansa shi ne misalin gobara: gida ya kama wuta, a ciki akwai babban malamin Faransa Fenelon da baranyarsa, kuma mutum ɗaya za ka iya ceta. Godwin ya ce malamin za ka ɗauko don amfaninsa ga jama'a, ko da baranyar nan ita ce mahaifiyarka. A ganina nan ya wuce gona da iri.

Shi ma ya sassauta daga baya. Ya auri marubuciya Mary Wollstonecraft a 1797, duk da sukar da ya yi wa aure, ta kuma rasu a shekarar bayan ta haifi 'yarsu Mary, wadda ta rubuta Frankenstein. Ka karanta gabatarwar wani ƙagaggen labarinsa, St Leon na 1799, inda ya amsa cewa ƙaunar iyali tana da matsayin da ya raina a baya.